Me ya sa ɗakin bulo yake sanyi haka da asuba?

Ɗan Dorayi: Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin gini ku taimaka min. A gidan ƙasa na taso a Yakasai, duk tsananin hunturu in ka shiga ɗakin Hajiya ɗumi za ka ji, bargo ɗaya ya ishe ka. Bara na tare a nawa gidan, bulo ne inci 6 da rufin kwano, wallahi tunda sanyin nan ya shigo yara ba sa barci, wajen ƙarfe 4 na asuba kamar a tsakar gida muka kwana, da bazara kuma ɗakin kamar gidan burodi. Laifin bulon ne?

Magini na Kurna: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Bangon tubali kauri gare shi, wuni guda yana shan rana a hankali, sai dare ya yi yake sako ɗumin cikin ɗaki, ga soron sama shi ma ƙasa ce a kan azara. Inci 6 kuwa siriri ne, kafin tsakar dare ya huce. Amma ni kafin bango tambayata, ka yi silin?

Ɗan Dorayi: Ban yi ba tukuna Malam, kuɗin ne suka yanke.

Magini na Kurna: To nan matsalar take. Iska mai ɗumi sama take tashi, kwano kuma ƙarfe ne ba ya riƙe komai, yadda yake shigo da zafi da rana haka yake fitar da shi da daddare. Ka leƙa kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa ka yi silin ko na roba (PVC) ne, in da hali a shimfiɗa soso ko kwalin farin kumfa a samansa, iskar da ta maƙale a cikinsu ita ke tare zafin. Shi ya sa ma ramin cikin bulo yake da amfani, nan gaba ka sa inci 9 a bangon waje.

Maman Ummi: Yaya ka duba ƙasan ƙofa da gefen taga ma, mu tsumma muke cusawa mu saki labule mai kauri, a shimfiɗa kafet saboda tayil ɗin nan sanyinsa har ƙashi. Kuma dan girman Allah kar a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa a kwanta, iskar da yake fitarwa ba ta da wari amma kisa take, balle da ƙananan yara.

Ɗan Dorayi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam ɗakin ƙafa 12 ne da 12, na yaran zan fara yi.