Gwiwar yarona ta kumbura har sau biyu, wai cizon kaska ne?

Maman Abba:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka daɗe a ƙasar nan ku taimaka mini da shawara. Shekararmu uku a jihar Connecticut ta Amurka, gabas da birnin Hartford, kuma ban taɓa sa hankalina kan ciwon Lyme da ake cewa kaska ke kawowa ba sai shekaranjiya.

Yarona Abba shekararsa 11. Farkon watan Disamba na lura in ya zo zaman tahiya sai ya miƙe ƙafar dama gefe kamar tsoho. Na yi masa faɗa, a zatona wasa yake da salla. Ya ce, "Wallahi Mama ba ta lanƙwasuwa." Da na naɗe ƙafar wandonsa sai da gabana ya faɗi. Gwiwar ta yi suntum kamar an hura ta, ƙoƙon gwiwar ma ya ɓace a cikin kumburi. Na ɗora hannu na ji ɗumi. Abin da ya ɗaure mini kai, yaron nan yana tafiya abinsa, ɗan ɗingishi kawai, yana cin tuwonsa, babu zazzaɓi. In na tambaye shi ko tana ciwo sai ya ce kaɗan, ta dai yi masa nauyi.

Babansa ya ce ƙwallo ce, ya yi targaɗe yana ɓoyewa don kada a hana shi wasa. Na nuna wa Hajiya surukata ta bidiyo, ta ce sanyi ne, "ai dole, kun kai mini jika ƙasar ƙanƙara," ta ce in riƙa gasa masa da ruwan zafi in shafa man zafi. Na yi. Kwana tara kumburin ya saɓe, muka ce alhamdulillahi, Hajiya kuwa sai baki har kunne.

To makon jiya ya dawo, gwiwar nan dai ta dama, har ya fi na farko. Kuma wannan karon ko ƙwallon bai taɓa ba, waje duk dusar ƙanƙara ce. Maƙwabciyata Baturiya ta gan shi yana hawa bene, ta tambaye ni ko an gwada shi ciwon Lyme, wai kaska ke kawo shi. Na ce mata wace kaska a cikin wannan uban sanyi? Kuma mu ba kare gare mu ba. Ta ce ba na yanzu ba, na bazara. Gaskiya a ƙarshen watan Yuni ya je zangon yara na mako guda a cikin daji, amma ni da hannuna na yi masa wanka ranar da ya dawo, ban ga komai a jikinsa ba.

Shin cizon wata shida da suka wuce zai iya kumbura gwiwa yau? Likitansa ya ba mu rana sai nan da kwana goma sha biyu. In jira, ko in matsa?

Anti Nas:

Wa alaikumussalam Maman Abba, sannu, Allah ya ba shi lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Pennsylvania, ɓangaren yara, kuma irin wannan gwiwar muna ganinta duk lokacin sanyi. Ba zan ce miki Lyme ba ne tunda ban ga yaron ba, amma maƙwabciyarki ba shirme ta faɗa ba. Kada ki jira kwana goma sha biyu. Ki buga musu gobe da safe, ki faɗi abu uku a jere: gwiwa ɗaya ta kumbura sosai, ta saɓe ta dawo, kuma ya kwana a daji a watan Yuni. A Connecticut duk wanda ya ɗauki wayar ya san abin da wannan ke nufi.

Wata shida ba komai ba ne. Ƙwayar cutar tana shiga jiki da bazara, in ba a yi magani ba sai ta yi lamo, bayan watanni ta fito a gaɓa, kuma gwiwa ta fi so. A cikin waɗanda ba su sami magani ba, kusan shida cikin goma sai sun yi wannan ciwon gaɓar. Siffarsa kuwa ita ce kika zana: kumburi mai yawa, ciwo kaɗan, ya tafi da kansa ya dawo. Shi ya sa ruwan zafin Hajiya ya ci suna a banza, ko ba a gasa ba zai saɓe.

Batun ba ki ga komai ba, kada ki zargi kanki. Ke kina tunanin kaskar da muka sani a kunnen kare ko hantsar saniya, ƙatuwa kamar ƙwayar gyaɗa. Wannan babbarta ma kamar ƙwayar riɗi take, 'yar ƙaramar da ta fi cizo a watannin Mayu zuwa Yuli kuwa ba ta fi ƙwayar acca ba. Tana maƙalewa a bayan gwiwa, hammata, matsematsi ko cikin gashi, ba zafi ba ƙaiƙayi, ta sha jini kwana uku ko huɗu ta faɗi. Da yawan masu ciwon ba su taɓa ganin wadda ta cije su ba.

Sai kuma abin da ke ba ni haushi. Alamar farko wani tabo ne da ke faɗaɗa a wurin cizon, tsakanin kwana 3 zuwa 30, yana fitowa ga mutum bakwai ko takwas cikin goma. Hotunan da ake mannawa a asibitoci kusan duk na farar fata ne, jan da'ira jawur. A fatarmu sau da yawa ba ja yake ba, duhu-duhu yake yi kamar an bugu, ko a ɗauka makero ne a shafa masa mai a manta. Shi ya sa baƙaƙen fata suka fi zuwa asibiti a makare, sai ciwon ya riga ya sauka a gwiwa.

Amma ki riƙe wannan da kyau: in zazzaɓi ya zo, ko ya kasa taka ƙafar gaba ɗaya, ko ya yi ihu in an ɗan motsa gwiwar, kada ki jira gari ya waye, ki kai shi sashen gaggawa. Akwai wata cutar da ke tara mugunya a cikin gaɓa, ita cikin kwanaki take cinye guringuntsi. Kuma in akwai sikila a gidanku ki faɗa wa likita tun farko.

Maman Abba:

Anti na gode, Allah ya saka da alheri. Sikila babu, AA ne. Amma kin tuna mini wani abu. A watan Yuli ya yi zazzaɓin kwana uku da ciwon kai da ciwon wuya, har babansa yana tsokanarsa wai maleriya ta biyo shi Amurka. Farasitamol na ba shi ya warke. Kuma a lokacin akwai wani baƙin tabo a bayan cinyarsa, na ce kujerar keke ce ta goge shi. Innalillahi. Yau ba zan yi barci ba.

Baba Direba:

'Yata kwantar da hankalinki, ki yi barcinki. Ga ni nan da gwiwata, na sha wannan ciwon kuma yanzu ina hawa bene hawa huɗu da kaya a kafaɗa.

Ni kai kaya gida-gida nake yi a arewacin birnin New York, wajen kogin Hudson, inda gidajen suke cikin itatuwa, barewa na kiwo a ƙofar gida kamar awaki. Shekara 24 ina ƙasar nan. Tawa ta hagu ce ta kumbura, ni kuwa na ce shekaru ne da taka kuloci. Ba abin da ban yi ba. Na ɗaure ta da bandeji, na sha ƙwayoyin ciwon jiki har cikina ya fara zafi, na aika gida aka kawo mini garin magani na sanyin ƙashi, har wani ɗan uwa a Bronx ya yi mini ƙaho. Wata bakwai ina salla a kan kujera. Ranar da na je asibiti ma ba don gwiwar na je ba, takardar lafiya ta aiki na je sabuntawa, likitar ta ga yadda na zauna ta ce in ɗaga wando. Ta sa allura ta zuƙo ruwa rawaya cike da sirinji babba, har biyu, ina kallo. Nan take na ji ƙafar ta zama tawa.

Maganin ƙwaya ce, doksisaikilin, safe da yamma kwana 28. Shawarata ga mai shanta: ya ci abinci tukuna, ya kora da ruwa cikakken kofi, kada ya kwanta nan take, in ba haka ba ƙirji zai yi ta ƙuna. Kada a haɗa ta da madara ko kindirmo lokaci ɗaya. Rana ma tana ƙona mai shanta, ko da yake a watan Janairu wace rana. Ni dai tawa ba ta saɓe duka a zagayen farko ba, sai da aka ƙara mini wani, don na bar ta ta daɗe. Yara kuwa an ce mini sun fi mu saurin warkewa.

Kuma ki gode wa maƙwabciyar nan taki. Ai ku kuna zaune a gidan abin ne. Lyme sunan gari ne a jiharku, can bakin kogin Connecticut wajen teku. A 1975 iyaye mata ne suka tayar da magana, ciki har da wata Polly Murray, suka ce ba zai yiwu yaran unguwa ɗaya su yi ta kumburin gwiwa haka kawai ba. Aka turo wani likita daga jami'ar Yale, Allen Steere, ya ƙirga mutum 51, yara 39 manya 12. Sai a farkon shekarun 1980 Willy Burgdorfer ya gano ƙwayar cutar a cikin kaska. Kin ga da gwiwar yara aka fara sanin ciwon, kuma uwa ce ta fara gani, kamar ke.

Ɗan Rugga:

Allah ya ba yaro lafiya. Ni daga gida nake bin zancen nan, kuma abin ya ba ni mamaki. Mu da muka tashi cikin shanu, kullum da safe aikinmu cire kaska, wata ma a jikinmu muke samunta, mu ɗiga mata kananzir ko mu kanga mata garwashi ta saki. Kaska raɓi mai jini, iyakar abin da muka sani ke nan. Ga tsofaffinmu duk da ciwon gwiwa. Ko dai shi ne muke ta kira sanyi?

Anti Nas:

Malam Ɗan Rugga, kaska iri-iri ce. Mai ɗaukar wannan ciwon wata ce mai baƙaƙen ƙafafu da ke son daji mai laima da ruɓaɓɓen ganye, a arewa maso gabashin Amurka da jihohin Wisconsin da Minnesota, sai danginta a Turai da wasu sassan Asiya. Daga jikin ɓerayen daji take kwaso ƙwayar, barewa kuma ita ke ciyar da manyanta. Na jikin shanunku wasu ne daban, da nasu cututtukan. Ciwon gwiwar tsofaffi kuwa galibi zaizayewar guringuntsi ne, na shekaru da aiki, ba ya zuwa ya tafi kamar na Abba. Inda zancen zai shafe ku shi ne in wani ya je ganin gida daga nan ya kwanta ciwo, to a faɗa wa likita daga inda ya fito. Wannan kaskar ma tana ɗaukar wata cutar jini da a madubin gwaji take kama da maleriya sak.

Kananzir da garwashi kuwa a bar su, a nan ko a can. Hantsaki mai tsini ake sawa, a kama ta dab da fata, a ja a miƙe a hankali, a wanke wurin da sabulu. Saurin cirewa shi ne duka: galibi sai ta wuce yini da kwana a maƙale kafin ta zuba cutar. In an same ta ta riga ta ƙoshi, a je wa likita cikin sa'a 72, akwai maganin sha sau ɗaya da ake bayarwa. Kayan da aka shiga daji da su a jefa a injin busar da kaya da zafi sosai minti goma.

Maman Abba, gwajin jini ne za a yi masa, mataki biyu. A makonnin farko na cizo yakan fito babu ko da akwai, amma wanda ciwon ya kai masa gwiwa kusan kullum yana nunawa ƙarara. Abu ɗaya: bayan ya gama magani kada ki ce a sake gwadawa don ki ga ya koma babu. Alamar tana zama a jini shekaru ko da cutar ta mutu. Gwiwar za a duba, ba takarda ba. Kuma ba ya yaɗuwa tsakanin mutane, ƙannensa su ci gaba da cin abinci kwano ɗaya da shi.

Maman Abba:

Jama'a ga ni na dawo. Na buga kamar yadda Anti ta ce, na jero abu ukun nan, matar ta ce in kawo shi ƙarfe biyu a ranar. Likita ya danna gefen gwiwar, ruwan ya gudu ɗaya gefen ina gani. Da na ambaci tabon cinya da zazzaɓin Yuli sai ya daina rubutu ya ɗago ya dube ni. Bayan kwana huɗu sakamako ya fito, shi ne.

Yau kwanansa 16 yana shan irin ƙwayar da Baba ya faɗa. Na manna takarda a jikin firij yana soke kowace rana da biro. Ƙoƙon gwiwar ya fara fitowa, jiya da magariba ya zauna tahiya rabi-rabi, yana satar kallona ko na gani. Likita ya ce kumburin kan ɗauki makonni kafin ya tafi duka, mu koma bayan ya gama, ƙwallo kuwa sai ya ba da izini. Na duba ƙannensa biyu daga kai har tafin ƙafa, har tsefe wa Ummi kitso na yi.

Hajiya dai har yanzu tana kan bakanta. Na yi mata bayanin kaska, ta yi shiru, ta ce, "To ita kaskar ba a ƙasar sanyi take ba?" Ta ce in ci gaba da gashin, kuma ta ba wani mai zuwa ƙarshen wata man shafawa ya kawo.

Baba, wata tambaya: takardar zangon bana ta iso jiya, Abba ya riga ya cike sunansa da kansa. Wane irin feshi kuke sa wa wando da safa?

Baba Direba:

Famitirin ake ce masa, na kaya ne, ba a fesa shi a fata. Ki fesa a waje ki shanya ya bushe tukuna. Kuma ya tura ƙafar wando cikin safa, ko abokansa za su yi masa dariya. Ni ma yaran wurin aikinmu suna yi mini.