Haruffa masu lanƙwasa suna zama alamar tambaya a cikin Wine

Assalamu alaikum. Ina da wata tsohuwar manhajar Windows mai 32-bit da nake tsara katin biki da na suna da ita. Kwamfutata Ubuntu 22.04 ce a kanta, don haka ta Wine, wadda ke sa manhajojin Windows su yi aiki a Linux irin Ubuntu, nake buɗe manhajar. Tana buɗewa lafiya, har bugawa take yi a firinta.

Matsalar ita ce ƙ, ɗ da ɓ. Idan na rubuta "ɗaurin aure", sai in ga "?aurin aure" a kan katin. Idan kuma na kwafo kalmar daga LibreOffice, inda haruffan ke fita daidai, na liƙa, nan ma alamar tambayar ce. Ba zan iya miƙa wa mutum katin bikin 'yarsa a haka ba, kuma cire lanƙwasar ba mafita ba ce a wurina, tunda ma'ana tana canzawa.

Na sa corefonts (salon rubutu na Microsoft) ta winetricks, mataimakiyar Wine, na zuba salon rubutu na DejaVu Sans cikin drive_c/windows/Fonts, na buɗe sabon prefix (folda da Wine ke ɗauka a matsayin Windows) mai 32-bit da WINEARCH=win32, na kuma mayar da sigar zuwa Windows 7 a winecfg, wurin saitin Wine. Duk ba ta canza zani ba. VirtualBox ma, mai gudanar da Windows a cikin Ubuntu, na gwada, amma RAM ɗina 4GB ne, kwamfutar sai ta riƙa sanƙarewa.

Abin da ya ƙara ɗaure min kai shi ne Notepad na Wine yana nuna haruffan daidai, abin da ya sa nake zargin manhajar ce ba ta karɓar Unicode, tsarin da ya ƙunshi haruffan harsuna daban-daban.

Shin akwai saitin Wine da zai sa irin wannan manhaja ta karɓi ƙ, ɗ da ɓ? Na gode.