Wa ya ce shirme? Muhawarar malamai kan shekarun sararin samaniya

Na Gumel: Salamu alaikum. Abin nan ya ishe ni. Madubin hangen nesa na James Webb da ke sararin samaniya ya hango tarin taurari da suka girma da wuri fiye da lissafin masana. Masanin kimiyya Rajendra Gupta ya fito a 2023 ya ce shekarun sararin samaniya biliyan 26.7 ne, ba 13.8 ba. Da ka kawo maganar sai a ce shirme. Don ba Bature ba ne?

Na Kazaure: Wa alaikumus salam. Malam, ai rabin maganar tasa ta Bature ce. Masanin taurari Zwicky ne ya fara cewa a 1929 hasken taurarin nesa gajiya yake yi a hanya, shi ya sa yake komawa ja. An gwada. Tauraron da ya fashe can nesa, in tsawon zangon haskensa ya ninka biyu, kwanakin da yake ɗauka kafin ya dushe su ma ninkawa suke. Faɗaɗar sarari ce ke jawo haka, gajiya ba ta taɓa lokaci. Shi kansa Gupta bai jefar da faɗaɗar ba, haɗa su ya yi.

Malama ta Ringim: To in haka ne me ya sa ake cewa shirme? Abin da aka buga a mujallar masana ba a kiransa shirme.

Na Kazaure: Ni ban ce shirme ba, Hajiya.

Na Gumel: Amma ɗalibinka ya faɗa.

Na Ɗambatta: Ni na faɗa, kuma ban janye ba. In biliyan 26 ne, ina taurari masu shekara biliyan 20? Mafi tsufa da aka auna a kusa da 13 suke tsayawa.

Malama ta Ringim: Ƙanena, kuskure daban, shirme daban. Masanin taurari Hoyle ya ce sarari ba shi da farko, ya yi kuskure, tunda Penzias da Wilson sun gano ɗumin da ya rage daga farkon sarari, na digiri 2.7 a ma'aunin Kelbin, a 1965. Amma shi ya bayyana yadda ake ƙera kabon a cikin taurari. Mai shirme ne?

Na Ɗambatta: Bayan 1965 da ya ƙi sauka, e.

Na Gumel: Ku 'yan Fizik haka kuke. Ku da kanku kun kasa daidaita saurin faɗaɗar, tauraron ɗan'adam na Planck ya ba da 67, ma'aunin taurarin kusa ya ba da 73. Wannan ba shirme ba ne?

Na Ɗambatta: Malamin Jogarafi zai koya mana awo?

Malama ta Ringim: A'a, ban da raini. Ya girme ka.

Admin (Kazaure): To jama'a, lokacin sallah ya yi. Abin da aka tsayar: 13.8 na nan daram, Malam na Gumel bai kawo hujja ba, kuma kowa ya yarda gajiyar haske ba ta tsaya ba. Na rufe.

Na Gumel: Kowa wa? Batun 67 da 73 fa?