Me ya kashe jifan Ohio State ranar da Michigan ta ci su 13-10?

Sabon Shiga:

Salamu alaikum jama'a. Masu ido a kan ƙwallon Amurka, wato zari-rugar jami'o'in Amurka, ku warware mini wani abu game da wasan 30 ga Nuwamba 2024 a Columbus, garin Ohio State. Kafin a take wasa masu hasashe sun ba Ohio State ratar kusan maki 20. Suna da Jeremiah Smith da Emeka Egbuka da Carnell Tate, risibobin (masu kama jifa) da kowace jami'a za ta yi fatan samun ko da guda. Michigan kuma ta zo ba Will Johnson, babban konabak ɗinta (mai tsaron risiba), yana jinya. Duk da haka Will Howard, maijifan Ohio State, ya yi jifa 33, 19 suka shiga hannu, yadi 175, tacdawun (kai ƙwallo gidan abokan karawa a ƙarshen fili) ɗaya, 'yan Michigan suka cafke masa biyu. Smith ya kama 5, yadi 35 kacal. Bayan hutun rabin lokaci ko maki ɗaya ba su ƙara ba.

Laifin wa ke nan, maijifa, ko masu tsara wasa, ko layin gaba, masu kare maijifa? Kuma in mutum zai sake kallon wasan don ya gane da kansa, ta ina zai fara?

Na Bakin Layi:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ɗauke idonka daga kan risibobi tukuna, ka dubi mutum uku da ke tsakiyar layin gaba, santa (mai sakin ƙwallo ga maijifa) da gad biyu da ke gefensa. A nan jifan ya mutu tun ƙwallo bai bar hannun Howard ba.

Layin da ya buga ranar ba shi ne wanda suka fara kaka da shi ba. Josh Simmons, takul na hagu (na ƙarshen layin), ya ji rauni a gwiwa a wasan Oregon cikin Oktoba, daga baya aka ɗauke Donovan Jackson daga gad aka kai shi gurbinsa. Seth McLaughlin, santan da daga baya aka ba kambin Rimington na gwarzon santa na shekarar, jijiyar agararsa ta tsinke a wurin atisaye ƙasa da mako biyu kafin wasan Michigan, sai Carson Hinzman ya koma santa. Wato an yage tsakiya an yi faci a gefe. Su wa ke fuskantar wannan tsakiyar? Mason Graham da Kenneth Grant, ƙattin tsakiyar tsaron Michigan, waɗanda a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL (gasar ƙwararru) na 2025 aka ɗauki ɗaya a lamba 5, ɗayan a lamba 13.

To ga lissafin. Masu kai hari 11 ne: biyar a layi, maijifa, mai gudu da ƙwallo, tayit en (mai tarewa, mai kama jifa kuma) ɗaya, risiba uku. In masu tsaro suka ajiye sefti (masu tsaron ƙarshe) biyu can baya, suka sa uku a kan risibobi, shida suka rage a cunkoson gaba, wurin da ake kira akwati. Masu tarewa shida, masu tsaro shida: a takarda, gudu da ƙwallo ne daidai, kowane koci zai gaya maka haka. Wink Martindale, mai tsara tsaron Michigan, ya yi ta nuna musu wannan hoton, Chip Kelly kuma, mai tsara harin Ohio State, ya yi ta karɓar tayin. Inda takardar ta yi ƙarya shi ne, gudun tsakiya yana bukatar mutum biyu su haɗu su ture Graham ko Grant, sannan ɗaya ya zame ya hau kan layinbaka (mai tsaron da ke bayan layinsu na gaba). In mutumin bai motsa ba, ba mai zamewa, layinbaka yana nan a sake, sai ya tare mai gudu a yadi biyu. Sakamakon ke nan: gudu 26, yadi 77, bai ma cika yadi 3 a kowane ɗauka ba, alhali TreVeyon Henderson da Quinshon Judkins ne ke riƙe da ƙwallon.

Ina ruwan jifa da wannan? Ruwa da tsaki. Muddin shida sun isa tare gudu, babu dalilin da zai sa Michigan ta sauko da sefti. Sefti yana can sama, konabak ɗin da ke kan Smith ba ya tsoron a wuce shi, don ya san akwai mai rufa masa baya. Mutum huɗu suna korar maijifa, bakwai suna tsaron masu kamawa biyar. Jifan yaudara ma, wanda ake nuna kamar za a miƙa wa mai gudu, ba ya aiki, don layinbaka ba ya rugawa gaba ya tare gudun da bai taɓa cutar da shi ba. Ga kuma, cikin yunƙuri huɗu da ake ba ka don cin yadi 10, gudun yadi biyu a yunƙurin farko, wani yadi biyu a na biyu, sai ka tsinci kanka a yunƙuri na uku da sauran yadi shida ko bakwai, lokacin da har mai sayar da abinci a filin ya san jifa za a yi.

Akwai bambanci tsakanin matsin gefe da matsin tsakiya, kuma a nan ake yawan zaluntar masu jifa. In aka biyo ta gefe, maijifa zai taka gaba ya yi jifansa. In aka turo masa gad har cinyarsa, babu inda zai taka, sai ya yi jifa da nauyinsa a ƙafar baya, ƙwallo ya tashi sama ko ya makara.

Mai Alƙalami:

Malam Na Bakin Layi ya ba ka dalili, ni bari in ba ka hanyar da za ka gwada maganarsa, kada ka karɓa don ya faɗa.

Ka fara da raba yadi da yawan jifa. 175 a raba 33, yadi 5.3 ke nan. A kakar gaba ɗaya Howard ya haura yadi 9 a kowane jifa, kuma kashi 73 cikin 100 na jifansa sun shiga hannu, ranar kuwa bai kai kashi 58 ba. Ka ga faɗuwar yadi ta fi ta shiga hannu muni, alamar cewa abin da aka kama ma gajere ne. Hattara da teburin alƙaluma: a wasan jami'o'i, in aka kayar da maijifa da ƙwallo a hannu, daga yadin gudu ake cire asarar, ba daga na jifa ba kamar a NFL. Duk wasan da za ka nazarta, ka ware waɗannan da hannunka.

Sannan ka zana tebur, kowane jifa layi ɗaya. Ka rubuta yunƙuri na nawa ne da sauran yadi nawa. Ka tsayar da hoton daƙiƙa ɗaya kafin santa ya saki ƙwallo, ka ƙirga sefti nawa ne a sama, mutum nawa a akwati. Ka sake tsayarwa daƙiƙa ɗaya bayan saki, don masu tsaro kan nuna sefti biyu su juya zuwa ɗaya, ko akasin haka. Ka ƙirga masu korar maijifa, huɗu ne ko an ƙara. Ka danna agogo daga saki zuwa jifa: matsin da ya iso kafin daƙiƙa 2.5 yawanci na layin gaba ne, wanda ya wuce 3 kuwa ko dai maijifa ya riƙe ƙwallo, ko babu wanda ya buɗe. Sai nisan da ƙwallon ya yi a iska, daban da abin da risiba ya ƙara da ƙafarsa. A ƙarshe ka sa alama ko jifan ya biya bukata. Ma'aunin da aka saba shi ne rabin yadin da ake nema a yunƙurin farko, kashi 70 a na biyu, duka a na uku da na huɗu. Jifan yadi 5 a yunƙuri na uku da sauran 9 yana ƙawata alƙaluman maijifa, amma fanko ne.

Wani abu da masu kallon NFL ke mantawa: layukan da ake ajiye ƙwallo a filin jami'a tazarar ƙafa 40 ce tsakaninsu, a NFL ƙafa 18 da inci 6. In ƙwallo yana kan layin hagu, bakin fili na dama yana nesa da ƙafa 100, sama da yadi 33. Jifan da teburi zai kira na yadi 8 zuwa wancan gefen doguwar tafiya ce a iska, konabak yana da lokacin tsalle a gabansa. Don haka ka ƙara gurbi ɗaya: wane gefe aka jefa, mai faɗi ko matsattse.

Matsala ɗaya: kyamarar talabijin tana bin ƙwallo, sau da yawa sefti ba sa cikin hoton. Ka dogara da maimaicin da ake nunawa daga bayan maijifa ko daga sama, in ba ka gan su ba ka bar gurbin fayau, kada ka cika da zato.

In ka gama, ware harin ƙarshe kafin hutun rabin lokaci ka dube shi shi kaɗai. Lokaci ya ƙure, dole suka bar gudun tsakiya, suka hanzarta, suka baza risibobi, suka ci yadi 75, Smith ya kama tacdawun daga yadi 10. Maijifa ɗaya, layin gaba ɗaya, sanyi ɗaya. Saurin ya hana Michigan canza 'yan wasa da ɓoye tsarinta, ƙwallo kuma yana fita kafin Graham ya iso. Abin da ya ba kowa haushi shi ne da aka dawo hutu ba su zauna a kan wannan salon ba.

Uwar Lissafi:

Yayyena, kun wanke Howard da sabulu da yawa. Na yarda da batun tsakiyar layi, amma maki 13 kawai Michigan ta ci, kuma 7 daga ciki kyautarsa ce. Yana tsaye kusa da gidansu ya jefa gefe, Aamir Hall ya shiga gaba ya cafke, ya kai ƙwallon yadi 2 da layin ci, Kalel Mullings ya ƙarasa. Wannan ne tacdawun ɗaya tilo na Michigan, ƙungiyar da maijifanta Davis Warren ya tashi da yadi 62. A irin wannan wuri ƙa'idar a bayyane take: in ba ka ga konabak ya juya baya ba, ka jefar waje, a buga ƙwallo nesa, tsaronku ya yi aikinsa.

Na biyun, wanda Makari Paige ya cafke a zango na uku (wasan zango huɗu ne), a kusa da gidan Michigan ne, inda ko ba komai akwai bugun maki 3. A yadi 20 na ƙarshe fili yana matsewa, sefti ba shi da bayan da zai tsare, sai ya sauko ya zauna a kan hanyoyin tsakiya. Tagar da take buɗe a tsakiyar fili a nan ta rufe, jinkirin rabin daƙiƙa ya isa.

A yi masa adalci ta fuska ɗaya: ya sha mummunan karo a zango na biyu har ya fita na ɗan lokaci kafin ya dawo. Sannan Jayden Fielding, mai bugun Ohio State, ya ɓarar da bugun maki 3 sau biyu, daga yadi 38 da 34. Sau uku ke nan suka je bakin gidan Michigan suka dawo hannu rabbana, a wasan da aka rasa da maki 3. Da ɗaya daga ciki ya shiga, da wata hirar muke yi, ko da yake jifan zai kasance gurgu duk da haka.

Sabon Shiga:

Na gode ƙwarai. Amma in tsakiyar layin ce matsalar, ai ba su sami sababbin mutane ba kafin wasannin neman kofi. Ta yaya suka ci huɗu a jere?

Na Bakin Layi:

Ka taɓo inda ya kamata. McLaughlin da Simmons ba su dawo ba, tsarin ne ya juya. A da suna gudu don su buɗe jifa, sai suka koma jifa don su buɗe gudu, kuma suka daina jiran masu tsaro su ba su izinin neman Smith. Suka riƙa motsa shi kafin saki, wani lokaci a gefe, wani lokaci a ciki, don kada konabak da sefti su san inda za su yi masa tarko. Suka riƙa jefa masa tun a yunƙurin farko, lokacin da masu kora ba su da tabbacin jifa ne. Gudun ma suka karkata shi zuwa gefe, gad yana zagayawa ya ja gaba, maimakon karo da ƙattin tsakiya.

Tennessee ta sha 42-17 ranar 21 ga Disamba, Smith ya kama tacdawun biyu. A wasan Rose Bowl da Oregon ranar 1 ga Janairu 2025 ya kama 7, yadi 187, kuma kafin Oregon ta farga ana 34-0. Wasan da ya fi koyarwa shi ne na Texas, don sun yi wa Smith rufin mutum biyu har ya tashi da kamu ɗaya, yadi 3, ƙasa da abin da ya samu a hannun Michigan. Amma a wannan karon Howard bai tsaya jiransa ba, ya raba wa Tate da Egbuka da tayit en a ƙarƙashin sefti, kuma dab da hutu aka zuba wa Henderson ɗan gajeren jifa a bayan masu kora, ya yi yadi 75 da shi. Aka tashi 28-14.

Hajiya Uwar Lissafi tana da gaskiya a kan jifa biyun nan, nasa ne. Sai dai ki dubi wasan ƙarshe da Notre Dame ranar 20 ga Janairu: yunƙuri na uku da sauran yadi 11, tazara ta ragu zuwa maki 8, saura 'yan mintuna. Notre Dame ta cika akwati, ta bar Smith da mutum ɗaya ba mai rufa masa baya. Howard ya ɗaga masa ƙwallo ta gefen dama, yadi 56, Fielding ya buga maki 3, aka tashi 34-23. Ɗan'uwa Sabon Shiga, in ka zana teburin Malam Mai Alƙalami, ka ƙirga sau nawa Michigan ta bar Smith a irin wannan hali, ka kawo mana adadin mu gani.