Injin kwale-kwale: mai bugu biyu ko mai bugu huɗu?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena yana su a tafkin Gidimuni, ya aiko ni in sayo masa injin kwale-kwale, ni kuwa na rasa wanda zan ɗauka.

Mai bugu biyu ba shi da nauyi, makanikan babur na nan Damagaram ma suna iya kwance shi, amma sai an gauraya masa baƙin mai cikin esansi. Ga sha, ga hayaƙi, buji kullum baƙi ƙirin. Mai bugu huɗu ya fi tattalin mai, sai tsada da nauyi, kuma in aka kwantar da shi ta gefen da bai dace ba, man bidanji ya malale cikin silinda. Ƙanen nawa kuwa kullum yamma a amalanke yake kai inji gida.

Masu sana'ar, don Allah wanne zai jure wannan wahalar?