Da wane littafi za mu fara binciken ran Laraba?

Sakataren Matasa: Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa cikin Ubangiji. Dattawan ikilisiya sun amince a fara binciken Littafi Mai Tsarki gida-gida ran Laraba da yamma, kowace unguwa da ƙungiyarta. Ni aka ɗora wa ta bayan kasuwa, a cikinmu akwai iyaye mata da ba su yi boko ba. Da wane littafi kuke ganin za mu fara? Matasa sun kafe sai Wahayin Yahaya.

Maman Godiya: Wahayi tun ranar farko? Ku bari yaro ya yi rarrafe tukuna.

Malamin Sande Sukul: Markus. Sura 16 ne, labari ne mai tafiya da sauri. In kuna ɗaukar sura guda a mako, wata huɗu kun gama. Sura ta 4 kuwa ku ba manoman cikinku su yi bayanin mai shuka, za ku sha mamaki.

Ladi Mawaƙiya: Yakubu ya fi. Sura biyar, kuma ta uku maganar harshe ce, ita ce ciwonmu.

Baban Alheri: Ɗana, ba littafin ne zai ba ka wahala ba. A ikilisiyar da muka baro kafin a yi mini canjin wurin aiki mun yi irin wannan, da Romawa muka fara, ba mu kai rabi ba ƙungiyar ta watse. Mai jagorancinmu mutumin kirki ne, ya san Littafi, amma da an karanta aya biyu sai ya miƙe tsaye ya shiga wa'azi har duhu ya yi. In ya ce akwai mai tambaya, kowa ya riga ya gaji, mata na tunanin tukunya. Wa'azi muna samu ran Lahadi. Abin da ya fito da mutum daga gidansa ran Laraba shi ne ya samu inda zai buɗe baki ya ce ni fa wannan ayar ban gane ta ba, ba tare da an yi masa dariya ba.

Sai maganar abinci. Gidan farko ruwan sanyi aka ba mu. Na gaba kunun zaki. Kafin ka ankara an kai ga shinkafa da kaza, wata gwauruwa da layi ya zo kanta ta aiko cewa ba ta da lafiya, alhali kunyar ɗakinta da aljihunta ce ta hana ta. Daga ranar ba ta sake zuwa ba.

Amma abin da ya kashe mu ɗungurum roƙon addu'a ne. Wata 'yar'uwa ta faɗi damuwar aurenta tana kuka, muka durƙusa muka yi addu'a tare. Ran Asabar maganar tana bakin masu awo a kasuwa. Mijin ya zo har ƙofar majami'a yana faɗa, sai da Rabaran ya shiga tsakani. Bayan wannan ko ciwon kai wani ke yi ba ya faɗa. Har yau abin na ci mini rai, domin matar da gaskiya ta zo neman taimako. Tun zaman farko ka faɗa musu da babbar murya, abin da aka faɗa a ɗakin nan a ɗakin zai kwana. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Uwar Zumunta: Baba, wannan ta ƙarshen gaskiya ce mai ɗaci. Amma kada a ɗauka mata ne kaɗai ke kai magana waje.

Baban Alheri: Mama, ban ce mata ba. Wanda ya fitar da ita ma namiji ne.

Maman Godiya: To, a rubuta wannan a ajiye.

Ɗan Birged: Ni dai ban ga laifin kazar ba. A sa ni a unguwar da ake yankawa.

Uwar Zumunta: Kai da ko taron addu'ar asuba ba a ganinka?

Mai Bishara: Game da iyayenmu da ba sa karatu: a karanta nassin da ƙarfi sau biyu, mutum biyu daban, sannan a rufe littafi a ce wani ya maimaita labarin da bakinsa. A ƙauyen da nake hidima tsofaffin nan sun fi 'yan sakandare riƙe labari. Tambaya uku nake yi kullum: me muka ji, me ya koya mana game da Allah, me za mu yi kafin mako mai zuwa. Akwai kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa da ake saurara a waya, a tura musu su ji a gida.

Malamin Sande Sukul: Ku kuma daidaita juyin da za ku riƙa karantawa. Baba na riƙe da tsohon juyi na 1932, wasu na da na 1979, yara kuma Sabon Rai Don Kowa ne a wayoyinsu. In ba a tsayar da guda don karatun fili ba, rabin lokacin zai tafi a "nawa ba haka ya ce ba".

Dattijo: Tsohon juyin ba inda za shi. Da shi aka yi mana baftisma.

Malamin Sande Sukul: Ba a ce a jefar ba, Baba. A zo da shi, a kwatanta in an kai wurin da ya yi wuya.

Ladi Mawaƙiya: Me zai hana ku bi Abincin Yini kawai? Kusan kowane gida akwai shi.

Mai Bishara: Wannan na sujadar iyali ne da safe, 'yar'uwa, kowace rana da guntun nassinta. Ƙungiya gara ta kama littafi guda daga farko har ƙarshe. Mai jagora dai ya nemi Sharhin Littafi Mai Tsarki don Afirka, an fassara shi da Hausa, ya yi shiri da shi a gida. Kada ya zo yana karanta wa mutane shi.

Maman Godiya: Ƙarfe nawa ne ma? In ya wuce shida ban da ni, ba na son hanyar nan da duhu.

Dattijo: Huɗu zuwa biyar da rabi. Da damina kuma a sake dubawa, mutane na gona.

Uwar Zumunta: Huɗu ta ci karo da koyon waƙar Zumuntar Mata. An faɗa wa dattawa tun watan jiya.

Dattijo: Ba a kawo mana a rubuce ba.

Uwar Zumunta: Za a kawo gobe, da sa hannun mu duka.

Sakataren Matasa: Na gode iyaye. Ruwa kaɗai za a riƙa bayarwa, wannan na ɗauka. To Markus ko Yakubu? Matasa kuma me zan ce musu kan Wahayi?

Ɗan Birged: Ka ce musu yana nan a ƙarshen littafi, ba zai gudu ba.

Ladi Mawaƙiya: Yakubu dai. Wa ke da makullin ɗakin kayan kiɗa? Tun ɗazu muke tsaye a waje.