Neman kalma: "mandataire" a maganar gado

Rabi, Tawa: Salamu alaikum ƴan uwa. Gobe da dare muna da shiri a rediyo kan rigimar gado, baƙonmu masanin shari'a ya ba ni takardarsa da Faransanci in mayar Hausa. Testament wasiyya ce, héritiers magada, waɗannan ba wuya. Inda na cije shi ne mandataire, wato wanda dangi ke zaɓa a zamansu bayan rasuwa, a rubuta sunansa, alƙali ya tabbatar, sannan ya je banki ko wurin aikin mamaci ya karɓo haƙƙin magada. Me zan kira shi?

Malam Isuhu: Wa alaikumus salam. Wasiyyi. Yana cikin littattafan fiƙihu tun kafin Nasara su zo.

Habsu, Yamai: Allah gafarta Malam, wasiyyi ai mamaci ne ke naɗa shi tun yana da rai, shi ne exécuteur testamentaire. Wannan kuwa masu rai ne suka ɗora shi. In ta ce wasiyyi, masu saurare za su ɗauka maganarsa maganar mamaci ce.

Malam Isuhu: Gaskiyarki, Hajiya. To wakili.

Baba Ɗan Adar: Wakili ya yi hwaɗi da yawa. Akwai wakilin ango, akwai wakilin sarki. Ni na daɗe da ƙera kalma: riƙau. Gajera ta, Hausa ta tsantsa, babu Larabci ciki.

Sani: Baba, riƙau ai ba ya saki 😂

Habsu: Wallahi Sani dariya kake, amma abin da ya cinye gidanmu ke nan. Da mahaifinmu ya rasu aka zaɓi ƙanensa. Unguwa duka ta shiga kiransa magajin gida, shi ma ya yarda. Takardar tana cikin aljihun babbar rigarsa, a naɗe cikin leda, duk wanda ya yi magana sai ya ciro ta ya nuna hatimin alƙali. Shekara shida innarmu ba ta ga tumuninta ba. Alhali takardar ba ta ba shi ko dala ba, aike kawai ta yi shi. Don haka Rabi, duk abin da za ki zaɓa, kada ya yi kama da magaji ko mai gado.

Rabi: Allah ya jiƙan mahaifinku, Habsu. Baƙon ma ya jaddada haka: a biya bashi, a fitar da wasiyya in ba ta wuce sulusi ba, saura na magada ne, kowa da rabonsa kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12. Ya ce dokar tsarin shari'a ta Nijar ta 2018, wadda ta maye gurbin ta 2004, ta bar gado a hannun al'adar masu ƙara, shi ya sa kotu ke zama da masana al'ada.

Baba Ɗan Adar: Kotu! Kun ƙi tawa kalma, kun ɗauko Ingilishin Kano. Mu gidan shari'a munka sani. Duk abin da anka hwaɗi a rediyon waje sai ku haɗiye.

Sani: Baba, shari'a ma Larabci ce. Alƙali ma haka.

Baba Ɗan Adar: Wannan ta kwana gida, yaro. Kakanka ma da ita ya tashi.

Malam Isuhu: Kuma ba laifin Kano ba ne in sun riga mu buga littattafai.

Baba Ɗan Adar: Sun riga mu bugawa, ba su riga mu magana ba.

Rabi: Don Allah iyayena, dare na yi, ban gama shafi na biyu ba.

Habsu: Ki ce wakilin magada. In an jingina shi ga magada, faɗin da Baba ke tsoro ya tafi, kuma kowa ya ji su ne masu abu, shi ɗan aike ne. Karon farko ki haɗa da mandataire ɗin, tunda ita ce za su gani a takarda.

Baba Ɗan Adar: Kalma biyu inda guda ta isa. Ku yi yadda kunka so. Amma kotu kam ki cire.

Rabi: Na cire, Baba. Wakilin magada, gidan shari'a. Saura homologation, na rubuta "tabbatarwar alƙali" da fensir, in wani yana da wadda ta fi kafin azahar gobe.